Layin da Tasalla Za Ta Tsaya

Roni,
20 ga Agusta, 1972

Zuwa ga 'yata Shatu, a Kaduna.

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki da yara. Ina fata aikin asibiti bai fi ƙarfinki ba. Mu nan lafiya, irin lafiyar tsofaffi. Ƙafata ta hagu ta daina kai ni masallacin Juma'a, sai na ƙofar gida. Yanar ido ta fara rufe mini idon dama, shi ya sa za ki ga rubutun yana hawa yana sauka. Damina ta yi gardama bana. Gero ya fid da kai, gyaɗa kuwa tana neman ruwa.

Tun rasuwar mahaifiyarki ban rubuta miki ba. Ba mantuwa ba ce, labari ne ba ni da shi. Yanzu na samu.

Shekaranjiya Saje Baba Kura, tsohon sojan nan da ya yi yaƙin Bama, ya zo zaurena tare da hedimastan firamare, Malam Muhammadu Lawal. Sun ce mutanen gari sun yi shawara za a ware rana guda bayan Ƙaramar Sallah saboda 'ya'yan sojoji. Wai da iyayen suka dawo an yi musu kiɗa, amma yaran da suka yi shekaru suna leƙen hanya ba wanda ya ce musu sannu. Za a tara su a filin makaranta, na Roni da na ƙauyukan kewaye, a dafa shinkafa, a ɗinka wa kowa sutura. Kowane gida zai ba da abin da ya sawwaƙa, wani hatsi, wani akuya.

Hedimasta mutum ne mai son tsari. Yana so yaran su jeru su ba da siffar tutar ƙasa. Waɗanda iyayensu suka dawo, ko suke bariki har yanzu, su sa kore su tsaya layi biyu, dama da hagu. Waɗanda iyayensu suka rasu su sa fari su tsaya a tsakiya. Sannan babban kowane gida ya fito ya kama hannun yaronsa, ya faɗi sunan uban a lasifika. In mai rai ne ya ce Allah ya ƙara masa lafiya. In ya rasu ya ce Allah ya ji ƙansa. A ƙarshe dattawa su bi layin fari suna shafa kan marayu.

Da ya gama bayani ya ce, "To Baba, jikarka Tasalla fa? Wane yadi za a yanka mata?"

Na ce zan duba.

Baba Kura ya ce, "Malam Daudu, ka duba da wuri, tela ba ya jiran tsoho."

Na ce ai shi ma ya daɗe a Bama ba a ji ɗuriyarsa ba, ga shi yau yana cika mini zaure da warin taba. Ya yi dariya, suka tafi.

Kin san yadda abin yake. Uban Tasalla yana soja tun kafin a haife ta. Da yaƙin basasa ya tashi ya kawo matarsa Dela da yarinyar gidan nan, ya wuce kudu. Takardarsa ta ƙarshe ta zo a shekarar farko ta yaƙin. An gama yaƙi, na Kazaure sun dawo, na Babura sun dawo, wasu kuma an aiko wa iyayensu da sanarwa da akwatin kayansu. Mu ba mutum, ba sanarwa. Na je Kano lokacin da ƙafa take ɗaukata, aka ce ana bincike.

Dela tana nan. Ita take dafa mini, ita take yi mini wanki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. 'Yan'uwanta na Achilafiya sun fara magana, kuma ban ga laifinsu ba, mace ce da ƙuruciyarta. Idan Tasalla ta sa fari, an gama magana ke nan a gaban gari. Dela za ta yi takaba ta koma gidansu, kuma ba wanda zai bar 'yar shekara bakwai wajen tsohon da ba ya iya jan guga. Idan ta sa kore, mun ci gaba da zama yadda muke.

Abin da nake so ki yi mini shi ne, ke da kike ganin sojoji a asibiti kullum, ki tambaya. Wataƙila a samu wanda suka zauna tare.

Tasalla tana gaishe ki. Ta ce in sanar da ke ta fasa aurena saboda na ƙi saya mata rake, ta koma wajen Baba Kura mai lambobi a ƙirji. Ba wannan ne karo na farko ba a watan nan.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Daudu

*

Kaduna,
6 ga Satumba, 1972

Kawu,

Barka da war haka. Na ji daɗin ganin rubutunka, ko da yana hawa yana sauka ya fi na likitocinmu karantuwa. Maigidan yana gaishe ka, yara ma duk lafiya, sai ƙaramin da yake haƙori. Na ba direban motar Kazaure man zafi da ƙwayoyi ya kawo maka. Man a shafa da safe, ƙwayar a sha bayan an ci abinci, ba da goro ba. Ka gaya wa Dela ita za ta riƙe su, don na san ka.

Kawu, na bi takardarka daga sama har ƙasa ina neman sunan Abu, ban same shi ba. "Uban Tasalla." Tun muna yara haka kake, wancan, yaron nan, kai. Inna takan ce ko Fulanin ruga ba su kai yayanta kunyar ɗan fari ba. Ina tuna ranar da ya hau dutsen bayan gari ya maƙale, ka tsaya a ƙasa kana cewa, "Shatu, gaya masa ya sauko," alhali yana jinka sarai. To yanzu ga lasifika an kawo. Wa zai faɗi sunan?

Maganar da ka sa ni na yi ta. Na tambayi duk wanda ya zo da kakin soja ko da raunin yaƙi. Yawanci ba su san shi ba. A makon jiya sai Allah ya haɗa ni da wani Mamuda, mutumin Gwiwa, yana zuwa ana duba masa ƙafarsa da aka yanke. Gadi yake yi yanzu a wani kanti. Da na ce Abu na Roni, ɗan Malam Daudu malamin dabbobi, sai ya ajiye sandarsa ya zauna. Rundunarsu ɗaya, kwanonsu ɗaya. Ya san har sunan Tasalla.

Mun daɗe muna magana. Abin da ya gaya mini ba na takarda ba ne, Kawu. Ya yi mini alkawari zai je gida kafin azumi, ya biyo ta Roni ya zauna da kai ya gaya maka da bakinsa. Don Allah ka ce wa hedimasta kada a yanka yadin tukuna. Ka jira Mamuda.

Ka gaida Dela sosai. Ka ce wa Tasalla kada ta yarda da Baba Kura, lambobin nan ba a cefane da su.

Taka,
Shatu

*

Roni,
28 ga Satumba, 1972

Zuwa ga 'yata Shatu.

Gaisuwa da fatan alheri. Magani ya iso, Dela ta karɓe kamar yadda kika ce. Ƙafar ta ɗan saki. An yi ruwa sau ɗaya bayan takardarki, daga nan sama ta yi shiru. An fara yankan gero. Gyaɗa dai sai abin da Allah ya yi.

Na gode da wahalar da kika sha. Na ji daɗi da aka samu wanda ya san shi har ya san sunan 'yarsa. Mamuda bai zo ba tukuna. Nakan sa a shimfiɗa tabarma ta biyu a zaure duk ranar da motar Kazaure take shigowa.

Maganar yadi ba ta jira ba. Tela ya ce yaran suna da yawa, ga ɗinkin Sallah yana tafe, in ba a ba shi yanzu ba sai dai a nemi wani. Hedimasta ya dawo. Na duba takardarki, na ga kin ce mutumin zai zo ya zauna da ni, ban ga inda kika ce wani abu ya faru ba. Saboda haka na ce kore.

Da na gaya wa Dela tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ce, "To, Baba." Ta gama tankaɗen, ta sake zuba garin a rariya ta tankaɗe shi kuma.

Yayanta Sama'ilu ya zo daga Achilafiya ranar Lahadi, ya kawo mini kaza. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya kai ga abin da ya kawo shi.

Ya ce, "Baba, ba da rashin kunya muka zo ba. Shekara biyar ke nan. Ko alƙali ba ya sa mace ta yi irin wannan jiran."

Na ce akwai wanda yake tafe daga Kaduna da labari.

Ya ce, "Wane irin labari, Baba?"

Na ce in ya zo ma ji.

Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce Allah ya jishe mu alheri. Ya shiga wajen ƙanwarsa, ban san abin da suka ce ba. Da zai tafi ya durƙusa ya yi mini sallama kamar kullum. Yaron kirki ne.

Game da tambayarki ta wanda zai faɗi sunan. Baba Kura ya ce shi zai faɗa a madadina, ai duk soja ɗansa ne. Hedimasta ya ƙi, ya ce an riga an tsayar, daga gidan yaro za a fito. Na ce to Dela. Baba Kura ya ce, "Kai ba ka kiran ɗan fari, ita kuma za ta kira sunan miji a gaban gari? Gidanku dai sai a hankali." Gaskiya ya faɗa. Tun da yarinyar nan ta yi wayo ba ta taɓa jin sunan a cikin gidan nan ba. A makaranta take jinsa, in ana kiran suna da safe.

Ita ma ta lura. Suna koyon fareti kowace yamma, Baba Kura yana gaba da sandarsa, hagu, dama. Jiya ta dawo da ƙura har gira, ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Kai tsoho, ka ma san sunan babana kuwa?"

Na ce na sani.

"Faɗi in ji."

Na ce ta je ta wanke ƙafa.

Ta ce, "Ka manta ne. Ko kuwa haƙoran ne babu?"

Na ce haƙoran da suka rage sun isa cin raken da ba zan saya mata ba.

Sau ɗaya na taɓa faɗinsa, ranar suna, a kunnen liman. Haka na ga mahaifina ya yi da yayanmu, haka na yi. Ban taɓa zaton gari zai taru don ya ji ni ba. Akwai sauran lokaci.

An kawo ɗinkin. Riga da zane da ɗankwali, kore shar. Ta sa ta ƙi cirewa, sai da uwarta ta ɓoye a ƙasan adaka.

In kin ga Mamuda ki ce ina gaishe shi. Kada ya takura kansa, na san tafiya da ƙafa ɗaya ba sauƙi.

Kawunki,
Daudu

*

Kaduna,
15 ga Oktoba, 1972

Kawu,

Barka da shan ruwa. Ina fata azumin bai wahalar da kai ba. In ya yi maka nauyi ka ajiye ka ciyar, ba sai na gaya maka ba, kai ka koya mana. Mu nan lafiya.

Takardarka ta iso, na karanta a tsaye a bakin ɗakin magani. Kore, Kawu. Laifina ne. Na yi ta kewaye-kewaye don kada a ce 'yar ƙanwarka ta aiko maka da irin wannan magana a ambulan kamar takardar haraji.

Na je na sami Mamuda a inda yake gadi. Bai tafi ba. Ya ce ya je tasha har ya hau mota, da aka kusa tashi ya sauko. Ya ce Abu ya sha ba shi labarinka, yadda kake zama a zaure da tabarau kana karanta jaridar da ta kwana biyu, kuma shi ba zai iya shiga zauren nan ya dube ka ba. Na yi masa faɗa, yana ta murza hularsa. Na ga ba zai je ba. Saboda haka ni zan faɗa, ka yafe mini.

A shekarar farko ta yaƙi aka ce su ƙetare kogin Kwara a jiragen ruwa. Abu yana jirgin gaba, Mamuda yana bakin gaɓa yana jiran nasu. Da jirgin ya kai tsakiya aka buɗe masa wuta daga ƙetare, ya kama da wuta ya nutse. Mamuda yana kallo. Ya ce sun tsaya a gaɓar har rana ta faɗi, waɗanda suka fito sun fito, Abu ba ya cikinsu. Ya bi asibitoci da sansani yana tambaya, har aka gama yaƙin. Ba a ga gawa ba, wataƙila shi ya sa ba a aiko muku da komai ba.

Kawu, Abu ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Abokin wasana ne, shi ya koya mini hawan jaki, ya kuma ture ni daga kai. Na yi kukana tun watan jiya ni kaɗai.

Mamuda ya ce kafin su hau, Abu ya nuna masa wata 'yar hula ta jarirai da yake ɗauke da ita a aljihu. Ya ce in gaya maka wannan.

Na san abin da fari yake nufi a gidan nan. Na san wa zai rage a ciki. Amma Dela ta yi haƙurin da ba kowa zai yi ba, kuma yarinyar za ta girma ta tambaya. Akwai sauran lokaci a ɗinka wani. Maigidan ya ce in gaya maka akwai ɗaki a nan, ka zo a duba maka idon, ka zauna da mu.

Ka ba ni amsa ko layi biyu ne.

Taka,
Shatu

*

Kaduna,
3 ga Nuwamba, 1972

Kawu,

Ina gaisuwa. Yau kusan mako uku ban ji daga gare ka ba. Ban sani ba ko takardata ta iso, ko ta ɓata a hanya, ko kuwa ta faɗa hannun wani ya karanta wa Dela ba shiri. Na tambayi direban motar Kazaure, ya ce ya gan ka a ƙofar gida kana alwala, ka ɗaga masa hannu. To lafiyarka ƙalau ke nan, shiru ka yi mini.

In fushi ne na karɓa. In ba ta iso ba, akwai magana mai nauyi a cikinta, kada a yi taron nan ba ka ji ta ba. Ka aiko a gaya mini. Na nemi hutun Sallah ba a ba ni ba, da na zo da kaina.

Taka,
Shatu

*

Roni,
21 ga Nuwamba, 1972

Zuwa ga 'yata Shatu.

Ina gaishe ki, ina yi miki barka da Sallah ko da ta wuce. Na yi azumina duka. Ƙafa tana nan yadda take. An gama kaka, rumbu bai cika ba, amma ba mu kaɗai ba ne.

Takardunki biyu na ƙarshe duk sun iso, ba wanda ya buɗe su sai ni. Ba fushi na yi ba. Kuma kada ki ɗora wa kanki laifi. Na yi shekaru ina aikin En'e, na san ba a tayar da mutum daga Kaduna don ya zo ya ce wa tsoho ɗansa yana lafiya. Tun takardarki ta Satumba na gane. Na ga ba ki rubuta kalmar ba, sai na zauna a inda ba ki rubuta ba. Duk ranar da mota ta shigo ba Mamuda, nakan naɗe tabarmar in ci tuwona da daɗi.

Da ta Oktoba ta zo na sa ta a cikin hulata. Ban gaya wa kowa ba, ban kuma aika wa tela ba.

An yi taron ranar Asabar da ta wuce. Dela ta yi wa Tasalla kitso da lalle tun ana jibi. Baba Kura ya aiko da jakinsa aka ɗora ni. Filin ya cika, har daga Gwiwa da Yankwashi an zo. An kafa rumfunan zana, mata a gefe guda da tukwane, makaɗa a gefe guda. Tsofaffin soji sun sa lambobinsu a kan manyan riguna. An ɗaure lasifika a jikin tsamiya. Yaran suka shigo da fareti, ba wanda ƙafarsa ta dace da ta wani, suka jeru. Tutar ta fito, sai dai farin tsakiyar bai kai koren faɗi ba. Liman ya ce alhamdu lillahi da bai kai ba.

Aka fara kira gida gida. Wasu iyayen suna wurin da kakinsu, da an faɗi suna sai su ƙame su sara, yaran su ruga su rungume su, a yi guɗa. Na layin fari kakanni ne da baffanni suke fitowa. Su ba a daɗewa.

Aka zo kanmu. Na je layin hagu na kama hannunta, muka taka zuwa gaban hedimasta. Har lokacin, Shatu, niyyata in ce Allah ya ƙara masa lafiya. Na riga na shirya yadda zan faɗi sunan da sauri in wuce.

Muna tsaye ta ja mini hannun riga. Ta nuna abin da ke jikin tsamiya.

Ta ce, "In ka kira shi da wannan, zai ji daga can ya zo?"

Ba da wasa ta faɗa ba. Ba ta ce mini tsoho ba.

Hedimasta ya miƙo mini abin magana. Na faɗi sunan, bai fita ba. Ya ce, "Baba, ɗan ɗaga murya." Na sake faɗa. Na ji shi ya fito daga tsamiya da muryar da ban san tawa ba ce, ya je ya bugi dutsen bayan makaranta ya dawo. Wata tsohuwa a rumfar mata ta ce, "Yau Malam Daudu ya kira ɗansa," aka yi 'yar dariya. Na jira dariyar ta kwanta. Sannan na ce Allah ya ji ƙansa.

Wasu sun riga sun ce amin kafin su ji abin da na ce. Mai guɗa ta fara ta tsaya. Hedimasta ya matso kunnena ya ce, "Baba, kore ta sa." Na ce na gani. Liman ya yi salati, jama'a suka ɗauka. Baba Kura ya zo ya kama ɗaya hannun nata, ya ce, "Amarya, hagu, dama," ya taka da ita har tsakiyar layin fari, ya tsaya ya sara mata. Haka tutar hedimasta ta ƙare, da ɗigon kore a cikin farin. Ya bar ta a wurin, kuma na gode masa.

Dattawa suka bi layi suna shafa kai. Ni ne na ƙarshe saboda ƙafa. Da na iso ta ce duk sun ɓata mata kitso. Ta tambaye ni don me aka canza mata layi. Na ce babanta ya rasu.

Ta ce, "Yau?"

Na ce a'a, tun tana ƙarama.

"To don me aka ɗinka mini kore?"

Na ce ni na ce a ɗinka.

Ba ta yi kuka ba sai da ta hango uwarta an kewaye ta a rumfar mata. Bayan nan an ci shinkafa, an raba wa yara alewa da sabulu. Ta ci nata.

Da yamma na kira Dela zaure na karanta mata takardarki, har da maganar hular. Ta ce ita ta saƙa ta. Na ce ban kyauta ba da na bari ta ji a lasifika tare da kowa. Ta ce, "Baba, tun tsakiyar azumi ka daina tambaya ko mota ta shigo. Na sani." An yi zaman makoki kwana uku, jama'a sun zo sosai.

Liman ya ce za a kai maganar gaban alƙali don a tsayar da yadda takabarta za ta kasance. Ana bukatar Mamuda ya ba da shaida. Ki gaya masa yanzu zai iya zuwa, ba shi zai fara faɗa ba. Idan Dela ta gama takaba za su koma Achilafiya ita da yarinyar. Sama'ilu ya ce zai riƙa kawo mini ita a keke duk Sallah, kuma akwai makaranta a kusa da su. Matar Baba Kura za ta riƙa aiko mini da tuwo. Ki gode wa maigidanki. Zan zo a duba idon in sanyi ya wuce, amma ba zan zauna ba.

Koren yana jikinta yanzu haka. Uwarta ta daina ɓoyewa.

Sunan Abubakar ne. Ga shi na rubuta. Ni na zaɓa masa. Tun ranar taron nakan faɗe shi in na zauna ni kaɗai a zaure, ba da ƙarfi ba. Ashe ba shi da wuyar faɗa. Jiya Tasalla ta ji ni daga tsakar gida, ta leƙo ta ce wa nake kira. Na ce babanta. Ta zo ta tsaya kusa da ni, muka dubi ƙofa na ɗan lokaci, sannan uwarta ta kira ta cin abinci.

Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuriya.

Kawunki,
Daudu, uban Abubakar